KEKE YA DAWO GOMBE, AMMA INA ZAI BI?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, wani tsohon abokin talaka ya fara fitowa daga zaurukan da aka jingine shi. Wannan kuwa shi ne keke, wanda dattawa ke kira basukur. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Da kuɗin acaɓa da na Keke Napep suka bi ta suka tashi, sai magidanta da 'yan makaranta da ƙananan ma'aikata suka koma wajen masu faci, aka kakkaɓe ƙura, aka sa sabuwar sarƙa.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal kai tsaye, domin da yawa daga cikin kekunan da yara ke hawa a gida da gumin 'yan ci-rani aka saye su. Uba ya aiko da kuɗi don ɗansa ya huta da tafiyar ƙasa zuwa makaranta. Abin tambaya shi ne, in yaron ya hau keken, ina zai bi ya dawo gida lafiya?

GARIN DA AKA GINA WA MOTA

Unguwar Nasarawo, ɗaya daga cikin mazaɓu goma sha ɗaya na Ƙaramar Hukumar Gombe, ta isa misali. Dattawan da suka yi zamani da keken Raleigh, wanda a wancan lokaci ake haɗawa a Kano, suna iya tuna lokacin da malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwa duk keke ne abin hawansu, mota kuwa sai jefi-jefi. Kuɗin Udoji na 1974, da buɗe kamfanin Peugeot a Kaduna da na Volkswagen a Ikko a 1975, su suka fara juya al'amarin. Keke ya zama alamar rashi, babur da mota suka zama alamar samu.

Da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga watan Oktoba, 1996, garin ya zama hedkwata, ya yi ta bunƙasa ta ko'ina. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 260,000 a Ƙaramar Hukumar Gombe kaɗai, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa suke yi. Daɗin daɗawa, garin mahaɗa ce ta hanyoyin Bauchi da Yola da Biu da Potiskum da Dukku. Manyan motocin hatsi da tankokin mai da tirelolin siminti daga Ashaka duk ta nan suke ratsawa, kuma mai shigowa daga Bauchi gangarowa yake yi cikin gari, inda birki ke shan wahala.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙari wajen hanyoyi, wannan ba a musunsa. Daga zamanin Alhaji Ɗanjuma Goje zuwa na Alhaji Ibrahim Hassan Ɗankwambo, har zuwa shirin Gwamna Inuwa Yahaya na shimfiɗa kilomita ɗari a kowace ƙaramar hukuma, an sa kwalta a lungunan da a da rairayi ne da kwazazzabai. Amma kwalta tana zuwa da nata sharri. Layin da ramuka suka hana direba gudu jiya, yau ya zama santsi, sai ya taka mota yadda ya ga dama. Gefen hanyar da mai keke zai raɓa kuwa, masu tireda da masu ajiye motoci sun riga shi.

FILIN WASA YA ZAMA NA KOWA

A manyan biranen Turai da Amurka akwai lambuna na musamman da hukuma ta keɓe don shan iska. A unguwa irin Nasarawo, abin da ke tsayawa a madadinsu shi ne filin makarantar firamare, da filin ƙwallo, da filin idi, da ɗan sararin da ya rage tsakanin gidaje. Nan yaro ke karɓar keken haya ya koyi tuƙi, nan ake buga tamaula da la'asar, nan tsofaffi ke shimfiɗa tabarma.

Matsalar ita ce wannan fili ɗaya shi kowa ke hange. Mai koyon mota nan yake zuwa, alhali bai gama sanin birki da totur ba. Mai Keke Napep da ɗan acaɓa nan suke yanke don gudun cunkoso. Ranar biki kuwa samari su shigo da motoci da babura suna wasa da su, suna tayar da ƙura, yara na kallo a gefe ba shinge ba komai. Filayen kansu kullum ƙanƙancewa suke yi, domin an yanka wani ɓangare an yi shaguna, an katange wani. Sai ya zama masu buƙata suna ƙaruwa, wuri yana raguwa.

Jihar Gombe ta san abin da ke faruwa in ƙarfe ya haɗu da taron jama'a. A watan Afrilu na 2025 wata babbar mota ta ƙwace a Billiri, ta afka cikin masu jerin gwanon bikin Ista, mutum biyar suka rasu. Ba masu keke ba ne, amma darasin ɗaya ne: jikin ɗan Adam ba ya jayayya da mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ko mai muƙami bai tsira ba. A 2001 Ministan Sufuri, Cif Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kira ga 'yan Nijeriya su koma hawa keke, wata bas ta banke shi a Abuja ya faɗa rami. In haka ta sami Minista, ina ga ɗan makaranta?

GUDU SHI NE AJALI

Kullum in aka yi haɗari sai a ce a yi wa direbobi nasiha. Nasiha tana da kyau, amma ba ta tsayar da mota. Lissafin a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, watau iyakar da doka ta yarda a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta kai kan birki. Wadda ke gudun kilomita 30 kuwa mita takwas take ci. Bayan an taka birkin ma, ta farko tana buƙatar kusan ninki uku na tazarar da ta biyu ke buƙata kafin ta tsaya. Wannan tazara ita ce tsakanin ƙujewa da jana'iza. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a watan Fabrairu na 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da mutane.

Ƙasashen da suka shawo kan abin ba da wa'azi kaɗai suka yi ba. A Holan, mutum fiye da 3,000 suka mutu a hanya a 1971, cikinsu har da yara sama da 400. Iyaye suka tashi tsaye, hukuma ta fara ware wa keke hanyarsa daban, ta matse layukan unguwa yadda mota ba ta iya gudu. A birnin New York, babban lambun nan na Central Park tun a tsarinsa na 1858 aka nutsar da hanyoyin da ke ratsa shi ƙasa, don kada masu wucewa su dami masu hutawa, a 2018 kuma aka hana motoci hanyoyin cikinsa baki ɗaya.

Kada a ce wannan sai masu arziki. Birnin Bogota na Kolombiya tun 1974 ya fara rufe wa motoci wasu tituna, har abin ya zama al'adar kowace Lahadi. Kigali ta Ruwanda ta ɗauki irin wannan a 2016. Ba gada suka gina ba, lokaci suka raba.

Su ma masu keke da nasu laifi. Wasu na hawa da dare ba fitila, wasu ba birki sai diddige, wasu su bi hannun da ba nasu ba, wasu su riƙe bayan mota tana ja. A shi wancan lambu na New York masu keke ne suka kashe mutum biyu masu tafiya a ƙasa a 2014, har aka rage musu gudu. Watau ƙa'idar guda ce: mai ƙarfi ya sassauta wa marar ƙarfi, mota ga keke, keke ga mai tafiya a ƙasa.

ABIN DA YA KAMATA

Da farko, kamata ya yi hukumar tsara birane ta jihar, tare da Ƙaramar Hukuma da masu unguwanni, su ƙidaya filayen da suka rage, a rubuta su, a hana yanka su. Na biyu, a kafa turakun kankare ko tsofaffin tayoyi a mashigin kowane fili, yadda keke zai wuce, mota ba za ta wuce ba. Itatuwan da gwamnati ke dasawa a shirinta na kore hamada ma za su iya zama shinge. Na uku, a ware wa masu koyon mota wurinsu daban, ko a ba su safiya a bar wa yara la'asar. Na huɗu, a sa tudun rage gudu mai fenti a gaban makarantu da filaye, bisa tsarin injiniya, ba irin wanda matasa ke tarawa da dare ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tare da ƙungiyoyin direbobi da na masu acaɓa, su ne za su tabbatar an bi.

'Yan Arewa mazauna Kudu sun ga yadda ake yi in aka bari abu ya lalace. Kano ta hana acaɓa a 2013, Ikko ta hana shi a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, dubban magidanta suka rasa abin yi. Inda aka kasa tsara zaman tare, hani ne ke biyo baya, kuma ƙaramin mai abin hawa shi ake fara kora.

Don haka duk wanda zai aika da kuɗin keke gida, ya ƙara da na fitila da ƙararrawa da birki. Ƙungiyoyin 'yan asalin Gombe da ke tara gudunmawar masallaci da rijiya kuwa, turaku goma a bakin filin unguwa ba su fi ƙarfinsu ba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye.