Rijiya da Masai Ba Sa Maƙwabtaka

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwana na Lakwaya da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo kan ruwan da muke sha.

A daminar bara, bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, rijiyar da gidaje da dama a unguwarmu suke ɗiba ta canza ɗanɗano. Cikin kwana uku yara huɗu suka kwanta da amai da gudawa, har da jikana. Allah ya sa suka tashi bayan an yi ta ɗura musu ruwan gishiri da sukari an kuma kai su asibiti. Da muka zauna muka bincika, sai muka tarar an haƙa sabon masai a bayan katanga, taku goma kacal daga rijiyar. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Masana lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, domin ƙazanta tana bi ta ƙarƙashin ƙasa, musamman idan ƙasa ta sha ruwa. Amma gidaje suna ta matsewa, kowa na haƙa ramin masai inda ya samu wuri. Ga rijiyoyin da ba su da murfi ko dakali, ga guga da ake yasarwa a ƙasa inda kaji da awaki suke yawo, sannan a sake zura shi ciki. Ga kuma masu yin bahaya a gona da bakin rafi, wanda ruwan farko yake kwashewa ya zuba a kududdufin da yara suke wanka. Daga nan ake samun taifot da kwalara da tsargiya, wadda take sa yaro fitsarin jini har wasu iyaye su ɗauka alamar girma ce.

Mu manoma ma muna da namu laifin. Mutum zai gama feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, ya gangara korama ya wanke injin feshinsa, ya jefar da kwalbar maganin a wurin. Wani ma ya ɗauraye ta ya kai gida a riƙa zuba mai ko ruwa. Wannan guba ba ta tsayawa a gonarmu. Koramun yammacin Kano da yawa Kogin Challawa suke nufa, kuma a wannan yanki ne madatsar Guzu-Guzu ta Kabo da ta Challawa da ke Ƙaraye suke. Abin da muka zuba a nan, wani ne zai sha a gaba, ko da yake shi ma kogin yana fama da dattin masana'antun jima idan ya kusanci birni.

Kada mu manta da 2021, shekarar da kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kawo ƙarshen bahaya a fili, kuma a 2022 maƙwabciyarmu Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta cimma hakan. Idan ƙauyukan Jigawa sun iya, mu ma za mu iya.

Don haka ina kira ga dagatai da masu unguwanni su kafa ƙa'ida: kada a haƙa masai ko rijiya sai an zo an auna tazara. Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su ƙarfafa aikin duba-gari, su riƙa zagayawa kafin damina ta sauka. Hukumar samar da ruwa a karkara ta Jihar Kano, wato RUWASA, ta taimaka da gwada ruwan rijiyoyi da tuƙa-tuƙa, a kuma zuba musu sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Limamanmu su tunatar da jama'a a huɗuba cewa addini ya hana ɓata mashayar mutane da yin fitsari a ruwan da ba ya gudana. Iyaye mata kuma su rufe randa, su keɓe moɗa ɗaya, su tafasa ruwan da yara za su sha idan an yi shakkar tsabtarsa.

Mu a unguwarmu mun haɗa kuɗi mun cike wancan masai, mun yi wa rijiyar dakali da murfi, mun kafa sandar rataye guga. Abin da muka kashe bai kai kuɗin maganin yaran nan huɗu ba. Ina fata sauran unguwanni za su yi nasu tun kafin hadari ya sake haɗowa.



Naka,
Wani manomi daga Lakwaya,
Ƙaramar Hukumar Gwarzo, Jihar Kano.