Lafiya uwar jiki: in kunne ya yi nauyi

Maganarmu ta wannan wata ta kunne ce.

Kurunta ba ta cika faɗo ma mutum rana ɗaya ba. Sannu take shigowa, kamar gara cikin rumbu, kuma mai ita shi ne na ƙarshen sani. Sai ka ji dattijo yana cewa yaran yanzu ba su buɗa baki in suna magana. Yana ƙure rediyo har maƙwabta su ji. Cikin ɗaki yana jin iyalinsa, amma ran kasuwa ko wurin suna, in surutu ya yi yawa, sai ya yi ta gyaɗa kai alhali bai ji komi ba. Wani kuma kunnensa na yi mishi ƙara dare da rana, kamar kukan gyare.

Mu malaman yaƙi da jahilci muna gane abin wurin shifta. Baƙaƙe masu siririyar murya, irin su s, sh, ts da f, su ke fara ɓacewa. Ka ce "shara", mutum ya rubuta "sara". Ka ce "tsara", ya rubuta "fara". Ƴan aji su yi dariya, shi ko ya ji kunya, bayan mako biyu ya daina zuwa. Sai a ce kansa ba ya ja. Kai lafiya lau, kunne ne.

Ga gwaji mai sauƙi. Tsaya bayan mutum, nisan tsawon hannu. Ya toshe kunne ɗaya da yatsa. Ka faɗi kalma uku cikin raɗa, ya maimaita. Sa'an nan a juya ɗaya kunnen. In ya kasa, a kai shi a duba.

Na yara ya fi ban tausayi, domin yaron da bai ji magana ba ba zai koye ta ba. Uwa, ki lura. Jinjirin da ba ya firgita in kwano ya faɗi, ɗan wata 6 da ba ya waiwayowa in an kira shi, ɗan shekara 2 da bai faɗi kalma ko ɗaya ba, kada a ce nauyin baki ne a zauna jira. Yaron da ake aike yana kawo abin da ba shi aka ce ba, a duba kunnensa kafin a ɗauko bulala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 10 masu kurunta, kamar 6 da an iya tsare su.

Mi ke kawo ta? A ƙasarmu sanƙarau na gaba-gaba. Wanda ya ga annobar 1995 da ta 2015 ya san gidajen da yaro ya tashi daga ciwo amma bai sake jin kiran uwarsa ba. Shi ya sa duk wanda ya warke daga sanƙarau a gwada jinsa da wuri, kuma in masu lamba sun zo gari a fito da yara. Ƙyanda da hangum su ma suna taɓa kunne. Akwai kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni, ana cewa zai bari da kansa. Ba zai bari ba, fatar gangar kunne yake ci. Akwai allura irin su jantamisin, da wasu ke saye wurin masu tallar magani, tana iya kashe ji har abada in an yi ta ba bisa ƙa'ida ba. Akwai ƙarar injin niƙa ga yaron da ke wuni gindinsa. Sai tsufa.

Wani lokaci kuma dauɗa ce kawai ta toshe. Wannan a likita ana wanke ta, mutum ya koma gida yana ji. Amma kada a tura tsinke, ko ashana, ko gashin kaza. Kada a ɗiga man gyaɗa mai zafi ko ruwan ganye cikin kunne mai mugunya.

To, yanzu na'urar ji. Ƴar ƙarama ce, ana rataya ta bayan kunne. Tana ɗaukar magana, ta ƙara mata ƙarfi, ta zuba cikin kunne. Ba ta warkar da kurunta, taimako take yi, kamar tabarau ga ido. Kuma kamar yadda tabarau na wani ba ya yi maka, haka ita ma. Sai an auna kowane kunne da inji, an ga irin muryar da ta ɓace, sa'an nan a daidaita ta. Wadda ake sayarwa bisa tebur a kasuwa komi take ƙara ma ƙarfi, har kukan jaki, tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Kada ka sai da akuya saboda ita.

Hanya ita ce: fara da likitar da ke kusa da ku. In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba ka takarda zuwa babban asibiti, Maraɗi, Damagaram ko Yamai, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Kafin ka biya, tambayi abu biyu: ina ake samun batir, wa ke gyara in ta lalace? Batir ɗin ɗan mitsitsi ne, mako ɗaya ko biyu yake yi. Akwai kuma masu caji, waɗanda faifan hasken rana ke cikawa. A ɓoye batir nesa da yara, haɗiye shi na kashewa.

Kwanakin farko mutum zai ji duniya ta cika hayaniya, har takun kaji. Kada ya jefa ta cikin kwalla. Ya riƙa sawa kaɗan-kaɗan cikin gida, har kai ya saba. A tuɓe ta wurin wanka da alwala da barci, a share ta da busasshen ƙyalle, musamman lokacin hazo. In tana fito, ba ta zauna daidai cikin kunne ba. Ta yaro, abin da ke shiga kunnen sai an riƙa sakewa yayin da yake girma.

Yaron da na'ura ba ta yi ma amfani ba, akwai makarantun kurame a Yamai, Maraɗi da Damagaram, inda ake koyon karatu da maganar hannu. Ku kuma ƴan gida, ku bar yi ma mai nauyin kunne tsawa. Ku tsaya gabansa wurin haske ya ga bakinku, ku kashe rediyo, ku yi magana sannu.