Amfilifaya Mai Kwalba: Daɗin Sauti Ko Ruɗin Kunne?

A 'yan shekarun nan, wata na'ura da aka ɗauka an binne ta tun zamanin kakanni ta sake dawowa kasuwa. Ita ce amfilifaya mai kwalba, wadda tsofaffin masu gyaran rediyo ke kira mai bawul. Masu sayar da ita na cewa sautinta ya fi na amfilifayar zamani ɗumi da taushi, kuma ga wasu ƙanana masu araha da kamfanonin ƙasar Sin ke ƙerawa, har matashi mai ɗan tanadi yana iya sayen ɗaya ya haɗa da lasifikokin ɗakinsa. Kafin ya zaro kuɗinsa, ya kamata ya san abin da zai saya.

Ita kwalbar, gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta. Wata siririyar waya tana zafafa ɗan ƙarfe har ya riƙa fitar da ilektiron, su kuwa su ruga zuwa ga wani faranti da ke jan su. John Ambrose Fleming ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata wata 'yar raga a tsakani, ta yadda ƙaramin motsin lantarki a ragar zai sarrafa babban kwararar da ke wucewa. Wannan shi ne sirrin ƙara ƙarfin sauti. Da aka ƙirƙiro taransista a ɗakin bincike na Bell a 1947, sai kwalba ta fara ja da baya, domin taransista ba ta da girma, ba ta cin wuta, ba ta kuma fashewa.

To, mene ne ɗumin da ake yabo? Masu aune-aune sun daɗe da gano shi. Idan aka shigar da sauti mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, kwalba, musamman a tsari mai sauƙi, takan ƙara masa wani ɗan sauti mai kaɗawa sau 880, wato ninki biyu. Kunnen ɗan Adam ya saba da wannan, domin muryar mutum da tsirkiyar garaya duk suna fitar da irin waɗannan ninke-ninke. Saboda haka ƙarin yana yi wa kunne daɗi, kamar yadda ƙamshin hayaƙi ke ƙara wa tsire armashi. Amma ƙari ne, babu shi a cikin faifan. Wanda ya ce ya fi son sautin kwalba ba a ja da shi, sha'awarsa ce. Wanda ya ce ta fi fito da ainihin abin da aka naɗa, shi ne ya kauce wa gaskiya.

Wurin da gizo ke saƙa shi ne arahar. Abin da ya fi tsada a amfilifaya mai kwalba ta gaske shi ne taransifomar da ke haɗa kwalba da lasifika, domin tana buƙatar ƙarfe mai kyau da wayar tagulla mai yawa, shi ya sa take da nauyi. Yawancin masu arahar nan ba su da ita sam. Wani ƙaramin guntun lantarki na zamani ne ke yin aikin, kwalbar kuwa an dasa ta a gaba don ta ɗan taɓa sautin. A wasu ma har ƙaramar fitila ake saƙalawa a ƙarƙashinta don ta yi ja. Ba lallai sautinsu ya munana ba, sai dai mai saye ya biya kuɗin kwalba ya tafi da taransista. Ɗaga na'urar da hannu kawai yakan tona asiri.

Masu araha na gaske kuma ƙarfinsu kaɗan ne. Wadda ke da kwalbar EL84 ɗaya a kowane ɓangare ba ta wuce wat 3 zuwa 5. A ƙaramin ɗaki wannan ya isa, muddin lasifikar mai saurin amsawa ce.

Malamin kimiyya na iya mayar da wannan gardama darasi. A ajiye amfilifaya biyu a bayan labule, a daidaita ƙararsu da ma'auni, sannan wani ya riƙa sauya su ba tare da masu sauraro sun sani ba, kowa ya rubuta wadda yake zaton ya ji, sau goma ko fiye. Daidaita ƙarar shi ne ginshiƙin gwajin. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne ya fi jin sauti mai kauri idan ƙara ta ƙaru, don haka wadda ta ɗan fi ƙara ita mutane kan ce ta fi daɗi. Ɗalibin da ya rantse yana jin bambanci, sannan ya ci biyar cikin goma, ya koyi abin da ya fi babin littafi guda.

Akwai kuma haɗari. Farantin kwalba yana aiki da bolt 250 zuwa 400, kuma ma'ajiyar cajin da ke ciki tana riƙe wuta bayan an zare soket. Kada ɗalibi ya buɗe ta shi kaɗai. Wasu an yi su ne don wutar Amurka mai bolt 120, alhali ta Nijeriya da Nijar ta kusan ninka haka. Mai taransifoma ba a kunna ta sai an haɗa lasifika, in ba haka ba tana iya ƙonewa. Tana kuma fitar da zafi ko ba a sa komai ba, abin lura ga gidan da ke dogaro da batirin sola.

Kunnen shi ne ya fi komai tsada a cikin wannan haɗi. A ɓangarensa mai siffar dodon-koɗi akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin dubu 15, su ke mayar da kaɗawar iska saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Na kaza sukan sake tsirowa idan sun lalace, na mutum kuwa ba sa dawowa. Ƙarar da ta wuce desibel 85, idan aka daɗe ana sauraro, tana kashe su sannu a hankali, kuma waɗanda ke jin siraran sautuka su ke fara mutuwa, ko da kwalba ce ta fitar da ƙarar ko taransista.