Ina ɗaliban da suka ɓace daga rajistar makarantun Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi?

A shekarar 2022, lokacin da 'yan ajin ƙarshe na sakandare a faɗin Najeriya suka zauna jarrabawar WAEC, makarantun gwamnatin jihar Zamfara ba su kai ɗalibi ko ɗaya ba. Hukumar da bakinta ta faɗi haka. Dalilin kuwa bashi ne: gwamnatocin jihar sun ɗauki nauyin biyan kuɗin jarrabawa, suka yi ta jinkiri shekara bayan shekara, har WAEC da NECO suka riƙe sakamakon yaran da suka riga suka rubuta. An yi ta jajanta wa waɗanda abin ya faɗa wa kai tsaye, amma ba a cika tuna ƙannensu ba. Yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare a Zurmi yana kallo wansa ya share shekara shida yana sammakon makaranta, ya gama, ya dawo gida hannu rabbana, babu takardar da zai nuna wa kowa. Irin wannan yaro ba sai an ce masa ya bar karatu ba, shi da kansa zai yi lissafi.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamban 2023, gwamnatinsa ta biya bashin biliyoyin naira da hukumomin jarrabawa ke bin jihar, aka saki sakamako, aka kuma shiga gyaran gine-ginen makarantu. Wannan jarida ta yaba, kuma har yanzu tana yabawa. Sai dai abin da muke tambaya a yau shi ne: yaran da suka fita a tsakanin nan fa, wa ya bi sawunsu?

Kowa ya san yadda rufe makarantun ya faro. A farkon watan Mayun 2019 'yan bindiga suka afka wa sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Moriki, a ƙaramar hukumar Zurmi. Ba su samu kaiwa ga ɗalibai ba, amma sun tafi da masu dafa abinci da 'ya'yansu. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, sai gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekara aka sake ɗauke ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya da ke Maradun, sai aka rufe makarantun jihar baki ɗaya, aka toshe layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Sai a Janairun 2022 aka fara buɗe wasu makarantun, wasu kuwa suka ci gaba da zama a garƙame.

A takarda wannan hutun dole ne na 'yan watanni. A gidan talaka kuwa wata huɗu ya isa a sa wa yarinya 'yar shekara sha biyar rana, a ɗaura aure, ta tare. Ya isa saurayi ya bi motar shanu zuwa Legas ko Ibadan ya kama acaɓa, ko ya nufi ramin haƙar zinare, ya ɗanɗana kuɗin kansa. Ranar da aka buga ƙararrawar komawa aji, ba su cikin masu jin ta. Kuma ba mu ga laifin uban da ya hana 'yarsa komawa makarantar kwana ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Jangebe yana da hujjarsa. Abin dubawa shi ne, ga yarinyar ƙauye da babu babbar sakandare a kusa da ita, makarantar kwanan nan ita kaɗai ce hanya, kuma da ta toshe ba a buɗe mata wata ba.

Nauyin duk ya dawo kan makarantun cikin gari. Ƙauyukan da ke kan hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya da yawa sun watse ko sun ragu, mutanensu sun kwararo hedikwatocin ƙananan hukumomi. Wanda ya leƙa irin waɗannan makarantu da hantsi zai ga aji ya cika ya batse, benci ɗaya mutum biyar, saura a ƙasa da littafi a kan gwiwa, wasu a tsaye bakin taga. Malami na kiran suna har rabin lokacin darasi ya wuce. A wasu wuraren ma ajin da kansa ya zama masauki: tabarmi a naɗe a lungu, tukunya a kan duwatsu uku a bayan aji, shanya a kan waya. A cikin masu kwana a ɗakin akwai yaron da ya baro aji biyu na babbar sakandare a garinsu. Idan ya je neman a ɗauke shi sai a ce ya kawo takardar canjin makaranta, alhali makarantar da za ta ba shi takardar ta zama kango, shugabanta ma gudun hijira yake yi.

Sai kuma yunwa. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da ma'aikatar lafiya ta jihar a 2024 ya nuna cewa a Shinkafi da Zurmi, cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya na fama da tamowa. Gidan da ƙaramin yaro ke kwance da tamowa, gida ne da babban yaro zai fita nema. Uban ba ya iya zuwa gona sai ya biya ɓarayin daji kuɗin noma, in ya noma kuma ya biya na girbi. Don haka ranar kasuwar Shinkafi dako ya fi aji riba, talla kuma ita ke kawo cefanen dare. Ana cewa karatu kyauta ne, amma kayan makaranta da takalmi da littattafai da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai duk daga aljihun uba suke fita. Yaron da aka koro sau biyu saboda rashin takalmi, da wuya ya dawo na uku.

Kada kuma mu ɗora komai a kan 'yan bindiga, domin ciwon ya girme su. A 2013, makin shiga kwalejojin haɗaka na tarayya ga ɗan jihar Anambra 139 ne, ga ɗan Zamfara 4, ga 'yar Zamfara 2. A 2018 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya koka cewa yara 28 kacal aka yi wa rajistar jarrabawar shiga waɗannan kwalejoji daga jihar. A waɗancan shekaru yawancin makarantu a buɗe suke, malamai ne babu, kulawa ce babu. Ita kanta dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tilasta karatu kyauta na shekara tara ne kawai, daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Daga nan wannan doka ba ta ɗora wa kowa alhakin yaro ba, kuma a daidai wannan gaɓa yara suka fi zubewa. Ƙauran Namoda, garin da layin dogo ya ƙare a cikinsa tun 1929, tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tun 1983. 'Yan wasu jihohi na zuwa su yi difloma su tafi, ɗan unguwar da ke maƙwabtaka da ita kuwa in bai da kiredit a Turanci da Lissafi, iyakarsa bakin ƙofa, ya sayar wa ɗalibai rake ko ya ɗauke su a babur.

Gini yana da daɗin nunawa, ana yanka kyalle, ana ɗaukar hoto. Bin sawun yaron da ya daina zuwa aji aiki ne marar armashi, amma shi ne ya rage. Kowace makaranta na da rajista, kowane malamin aji ya san sunayen da ya daina kira. A tattara sunayen, a miƙa wa masu unguwanni da dagatai da hakimai ta hannun masarautun Ƙauran Namoda, Shinkafi, Zurmi da Moriki, a haɗa da limamai da malaman Islamiyya, a bi gida-gida. Waɗannan garuruwa ne da kowa ya san ɗan wane. Ma'aikatar ilimi kuma ta ba shugabannin makarantu umarni a rubuce cewa duk ɗan gudun hijira a gwada shi a sa shi ajin da ya dace, ko da takarda ko babu. Malaman da makarantunsu na ƙauye suka rufe, suna karɓar albashi suna zaune a gari, a mayar da su inda yaran nasu suka koma, a raba aji biyu, na safe da na yamma, yadda mai dako da mai talla ma za su samu shiga.

Matan da aka aurar suna tsakiyar karatu su ma ba a rufe littafinsu ba. Zamfara na cikin jihohin da aka ƙara a 2023 a shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka tsara don karatun 'yan mata matasa. Muna so a bayyana wa jama'a nawa ya isa waɗannan ƙananan hukumomi uku, a wace makaranta, kuma nawa aka ware don ajin matan aure a cikin gari, da malamai mata, a lokacin da miji zai yarda. Kuɗin jarrabawa kuwa bai kamata ya dogara da kirkin gwamna mai ci ba. Majalisar dokokin jihar ta mayar da shi doka, a biya kafin a rufe rajista kowace shekara. Idan kuma tsaro ya sake tilasta rufe wata makaranta, a faɗi inda ɗalibanta za su koma a rana ɗaya da sanarwar rufewar.

Kafin duk wannan, akwai abin da ma'aikatar ilimi za ta iya yi a zangon nan ba tare da kwangila ba. Ta wallafa, makaranta bayan makaranta a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, yara nawa suka rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare bara, nawa ne daga cikinsu ke zaune a aji ɗaya na babbar sakandare bana, maza nawa, mata nawa.