Kafin Ka Sayi Tsohon Gida, Tambayi Shekarun Filin

Wani malami abokin aikina ya sayi tsohon gida a Aboabo, yana ta murna ya yi araha. Ni na raka shi ciniki, kuma ban tambayi shekarun filin ba. Wannan sakacina ne.

A nan Kumasi yawancin filaye na sarauta ne, haya ake bayarwa, galibi ta shekara 99. Filinsa an yanka shi a 1950, wa'adinsa 2049 ke nan.

Kafin takarda ta koma sunansa, sai da ya biya bashin kuɗin ƙasa da mai gidan ya bari, da harajin gida, da kuɗin hatimi, da goron fada. Ga bashin wuta a jikin mita. Kwanon da ke yoyo kuwa, har yau bai samu abin taɓa shi ba.