Dogon da bai taɓa zuwa Yola ba

'Yan'uwa mazauna Agege, Sabon Ibadan da Fatakwal, duk mai cin abinci da harkar shanun Adamawa ya kamata ya san dalilin da ya sa kuɗin mota ke cinye ribarsa.

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga Yola ko Jimeta ba. Da aka ja dogo daga Kuru zuwa Barno, ya bi ta Bauchi, ya isa Gombe a 1963, ya ƙare a Maiduguri a 1964. Adamawa kuwa aka bar ta da kogin Binuwai. Da damina jiragen ruwan kamfanoni irin su John Holt kan hauro har Jimeta su ɗebi gyaɗa, auduga da fatu. Daga baya yashi ya cike kogin, Kamaru ta gina madatsar Lagdo a 1982, harkar ta mutu. Dogon Gombe, wanda shi ne mafi kusa da mu, shi ma ya bi sahu, ciyawa ta rufe shi.

To sai me ya rage? Tirela. Sa zai taso daga karar Mubi ko Ngurore, ya yi kwanaki a tsaye cikin mota. Ga tsadar man dizal, ga shingaye ana karɓar kuɗi, kafin a sauke ya rame, wani ma sai an yanka shi a hanya. Asarar a kan falke take faɗawa, sannan mahauci ya tsinci sauran a mayanka.

Ba wai abin ba zai yiwu ba ne. A 2016 jirgi ya kwaso shanu 500 daga Gusau zuwa mayankar Oko-Oba a Legas. A Maris na 2021 kuma Buhari ya ƙaddamar da gyaran dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, amma abin da aka buɗe a 2024 guntun Fatakwal zuwa Aba ne kawai.

Nan ne aikinmu yake. Sarakunan Hausawa na kudu da shugabannin kara suna da baki wajen 'yan siyasa. In sun zo neman ƙuri'a, a daina tsayawa kan buhun shinkafa, a tambaye su yaushe gyaran zai kai Gombe, ko an tanadi taragun dabbobi da wurin lodi, da kuma maganar reshe zuwa Numan da Yola. Ko zuwa Gombe kaɗai jirgin ya dawo, mafi yawan tafiyar ta sauka daga wuyan tirela.

Allah Ya tsare fatakenmu a hanya.