"Kora ba horo ba ce": ƙaryar da Ingrid Eagly ta bi da lissafi

Jama'a, yau ina so mu leƙa Amurka, wajen wata malamar shari'a mai suna Ingrid Eagly. Kafin ta fara koyarwa a jami'ar UCLA, lauya ce a Los Anjeles mai kare waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Daga baya ta duƙufa kan kotunan baƙin haure, inda ake yanke wa mutum zama ko kora.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wannan: tun 1893 kotun ƙolin Amurka ta ce korar baƙo ba horo ba ce, gyaran takardu ne na hukuma. To, kun ga dabarar? Wanda ake tuhuma da sata, in bai da hali, dole gwamnati ta ba shi lauya. Amma wanda za a raba da matarsa da ƴaƴansa bayan shekara ashirin, ba a ba shi kowa, wai don ba horo ake yi masa ba. Alhali a tsare yake, da ankwa, bayan waya mai ƙaya. Alƙalin ma ma'aikacin ministan shari'a ne.

Eagly ba ta tsaya kuka ba, ƙirgawa ta yi. Ita da Steven Shafer suka bi shari'o'in kora sama da miliyon 1.2, daga 2007 zuwa 2012, suka fitar da sakamako a 2015. Kashi 37 cikin ɗari kaɗai suka samu lauya. Cikin waɗanda ke tsare kuwa, kashi 14. Kuma in aka haɗa mutum biyu masu matsala iri ɗaya, damar mai lauya ta tsira daga kora ta ninka ta ɗayan sau biyar da rabi. Ke nan sau da yawa ba rashin gaskiya ke korar mutum ba, rashin mai yi masa magana ne.

Ta kuma duba shari'ar da ake yi ta bidiyo, alƙali a wani gari, fursuna a gaban allo a wani. Ta tarar irin waɗannan sun fi saurin sallamawa, ba sa neman lauya, ba sa ma shigar da buƙatar zama. A 2020 suka ƙaryata zancen ƴan siyasa cewa baƙi gudun kotu suke: kashi 83 na waɗanda ba a tsare ba sun halarci duk zamansu, masu lauya kuwa kashi 96.

Wani zai ce, malam, ina ruwanmu da Amurka? Ruwanmu na Asamaka. Su can aƙalla akwai alƙali, akwai takardar da mai bincike zai buɗe. Ƴan uwanmu da Aljeriya ke kwasowa, ciki har da mata da yaran Kance, wane alƙali suka gani? Ƴan wasu ƙasashen ma a Point Zéro ake zube su, su taka kilomita 15 cikin rairayi. Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a 2024. Na taɓa zama da wani da aka dawo da shi, a tashar Damagaram; kuɗin aikin ginin da ya yi wata bakwai suna can, wayarsa tana can, ko ƴar takarda mai sunansa ba a ba shi ba. Wallahi in wannan ba horo ba ne, ban san sunansa ba.

Ni dai abin da nake nema ga malaman shari'a na jami'o'inmu, daga Yamai har Tawa, su tura ɗalibai Agadas da Asamaka da littafi. A rubuta kwana nawa aka tsare mutum, me aka ƙwace masa, ko an tambaye shi wani abu kafin a loda shi a mota. Da wannan littafin ne lauyoyinmu za su iya kai ƙara gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul.